INA RABI TA TAFI?

Shafi na 14

Na Ibtisam Abdussalami

Masu cika mini waya da "ƙari, ƙari" tun kafin in wanke ido, Allah ya shirye ku, ga shi nan. Ke kuma da kika ce in kashe Bilyamin kowa ya huta, yi haƙuri 'yar'uwa, shi ma ɗa ne. Wannan shafin naku ne masu jinyar tsoho a gida, ku da kuka san yadda ake amsa tambaya ɗaya har baki ya bushe.

*

Juwairiyya na durƙushe a gaban murhu tana yaɓa kisra, siririyar gurasar dawa, a kasko, sai ta ji muryar mahaifinta daga kan gadon igiya.

"Ke yarinya."

"Na'am, Baba."

"Ina Rabi ta tafi?"

Ko hannunta bai tsaya ba, don ta saba. Rabi'atu mahaifiyarta ce, kuma ƙasa ta rufe ta tun shekarar gudu, can Dinder, inda yaƙi ya kora su. Baba Audi da kansa ya yi mata salla. Amma ciwon mantuwar da ya kama shi ya share wannan ranar tas, kamar yadda ya share sunan Juwairiyya daga bakinsa, ita da ke yi masa wanka tana ba shi abinci.

"Ta riga ka fita, Baba. Ta tafi hawasha tsintar auduga, yanzu za ta dawo."

Tsohon ya yi murmushi har da gyaɗa kai.

"Rabi akwai hannu. Kafin wata ta cika buhu ɗaya ta cika biyu."

"Wallahi kuwa, Baba."

Hawasha ita ce gonar da ya gada a ƙetaren tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin ƙauyen. Rabon da a shuka ko tsinke a cikinta tun kafin yaƙi. Bayan an dawo gida wasu ma'aikata suka zo suka jera duwatsu a bakinta, suka shafe su da jan fenti, suka ce akwai bama-baman da ba su fashe ba a binne, kada mai rai ya tsallaka sai sun dawo da na'ura. Har yau ana jiransu. Saniyar gidan Alhasan ce ba ta ji gargaɗi ba, ba a samu ko abin yankawa a jikinta ba.

Ba ta ankara da mutum a bayanta ba sai da inuwa ta rufe kaskon.

Yayanta Bilyamin ne. Kwanan nan ya ajiye tuƙin rakasharsa, keke mai ƙafa uku, a garin Hasahisa ya zo ganin gida, kuma tun da ya zo komai na gidan bai yi masa ba.

"Taso."

"Yaya, kisra za ta ƙone."

"Ta ƙone. Taso na ce."

Ya sa ta gaba har bayan ɗaki, gefen garken awaki, inda tsohon ba zai ji su ba. Ta san wannan fuskar tasa tun suna yara.

"Mi kinka ce mishi?"

"Abin da ka ji."

"Inna ta tafi tsintar auduga? Innar da munka binne da hannunmu? Ke Juwaira, ba ki tsoron Allah? Ubanki kike shirga wa ƙarya da farar safiya?"

"Yaya, sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba!"

Ta goge hannunta a gefen mayafi.

"Ka taɓa gaya mishi gaskiyar?"

Ba ta jira amsarsa ba ta ci gaba.

"Ni na gaya mishi. Ba sau ɗaya ba. Duk ranar da na ce ta rasu, a ranar ta rasu a wurinshi. Ya faɗi ƙasa, ya yi ta kuka, ya ce don mi ba a kira shi jana'iza ba, ya ƙi cin abinci. Da la'asar ya manta, ya sake tambaya. So kake in dinga kashe mishi mata safe da yamma?"

"Wa ya koya miki wannan surutun?"

Abin da take ɓoye masa ke nan.

"Sista Najwa."

"Wace ce haka?"

"Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitinmu. Duk Talata tana tara mu ƙarƙashin dalbejiyar bayan asibiti, mu da muke da tsofaffi masu irin wannan ciwon. Muna faɗin abin da ke damunmu, tana nuna mana dabara. Yadda za a yi mishi wanka bai tsorata ba. Yadda za a ɓoye wuƙa da ashana. Ita ta ce kada in yi gardama da shi, in bi shi inda hankalinshi yake."

Bilyamin ya riƙe ƙugu ya yi wata dariya marar daɗi.

"Tamam. Ya yi kyau. Wato asirin gidanmu kike kwasa ki kai gindin bishiya, mata suna taunawa da gyaɗa."

"Ba wanda ke dariya a wurin, Yaya. Kuka ake yi. Matar da ke zama kusa da ni, uwar mijinta ce ke kiranta ɓarauniya kullum, kuma ita ke wanke mata zani."

"Wannan damuwarta ce. Ubana ba mahaukaci ba ne."

"Ni ma ban ce mahaukaci ba ne. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, likitan birnin Madani ma haka ya ce."

"Likita! Mutumin da ya san lokacin ban-ruwan kowace gona a ƙauyen ga, dare ɗaya ya kasa gane ɗiyarshi, ki ce mini ciwo? Hannu anka sa mishi. Na riga na yi magana da mai mota, bayan Azahar za mu kai shi wurin wani shehi a yi mishi magani."

Juwairiyya ta san wurin da yake nufi. Ta taɓa raka wata maƙwabciya can, ta ga mutane a ɗaure da sarƙa a gindin turaku, an hana su komai sai ruwan rubutu da busasshiyar kisra.

"Yaya, don darajar Inna. Ɗaure shi za su yi."

"In ɗaurin ne zai dawo da shi, a ɗaure."

"Baba ko ƙofa aka rufe mishi ihu yake yi! Tun ranar da munka kwana a cikin lori muna gudu ba ya son a rufe shi. In ka kai shi can, gawarshi za ka ɗauko."

"Ke kin fi ni sonshi ke nan?"

"Ni dai nake tare da shi."

Kai! Wannan maganar ta soke shi, har sai da ya kau da kai. Ita ma ba ta so ta fito haka ba, amma ta riga ta fito.

Ƙaurin kisra ya iso har inda suke. Ta juya da sauri ta zagaya tsakar gida, ta sauke kaskon da ya yi baƙi ƙirin. Sai da ta ɗago sannan ta kalli gadon.

Ba kowa a kai.

Takalmansa ba sa nan, hularsa ba ta nan, ƙofar gida a buɗe.

"Ya fita," in ji Bilyamin daga bayanta, muryarsa ta canza.

"Kada ka damu, ba zai yi nisa ba." Ta ja mayafinta tana gyarawa. "Yana wurin Hajja Zainabu mai shayi. Ba ya taɓa wuce ta."

Gaskiyarta ne, don wannan ita ce dabarar da ta fi kowace ba ta barci. Ranar da ta fara zuwa gindin dalbejiya tana kuka cewa Baba na ficewa, Sista Najwa ta tambaye ta, mene ne bai manta ba? Ta yi tunani ta ce, gaisuwa. Baba Audi ya manta sunan 'ya'yansa, ya manta hanyar bayan gida, amma bai taɓa katse gaisuwa ba, a wurinsa wannan aikin marasa asali ne. Shi ke nan aka tsara. Hajja Zainabu da ke bakin lungu, da Nuraddeen mai shago a gaba, da mahaucin da ke kusa da masallaci, duk wanda ya gan shi shi kaɗai sai ya tare shi. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa bana, yaya auduga. In aka kai ƙarshe a koma farko, shi kuwa yana amsawa da jin daɗi kamar yanzu aka fara. Kafin nan an buga wa Juwairiyya waya ta zo ta kama hannunsa.

Ta kai bakin ƙofa ta ga Bilyamin bai motsa ba.

"Yaya, mu je mana."

"Juwaira."

"Mene ne?"

"Ba za su tare shi ba."

Ta tsaya cak.

"Ban gane ba."

"Jiya na gan su. Tsohuwar nan tana ta maimaita mishi ina kwana, ina kwana, wasu samari na zaune a benci suna ƙyaƙyata dariya. Ubana, Juwaira! Kamar biri a kasuwa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce duk wanda ya sake tsayar da shi a hanya, ni da shi ne."

"Ka ce mi?"

"Ban sani ba! Wa ya gaya mini? Na ɗauka wasa suke da shi!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Sai a lokacin maganar da ta faɗa da bakinta ta dawo mata. Da ma "ta shiga maƙwabta" take ce masa, sai ya fara zuwa yana dukan ƙofar mutane, shi ya sa ta koma ambaton hawasha, tunda ta san akwai masu tare shi a hanya.

Ta tafi hawasha tsintar auduga.

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta kwasa da gudu.

A bakin lungu ta tarar da Hajja Zainabu a tsaye, butar shayi a hannu, waya a ɗaya hannun, ido ya yi ja.

"Ina kika ajiye wayarki, ɗiyata? Na kira har na gaji!"

"Ya wuce?"

"Ya wuce. Har ya tsaya yana kallona, yana jira in gaishe shi. Na buɗe baki sai na tuna cin mutuncin da ɗan'uwanki ya yi mini gaban mutane, na yi shiru. Allah ya yafe mini, na yi shiru! Ya ce, 'Yau ba gaisuwa?' ya wuce."

"Ina ya nufa?"

"Tur'a."

Gudu take, ƙaya na shiga ƙafarta ba ta ji. Shagon Nuraddeen ya wuce ta gefen idonta, masallaci ya wuce. Tana jin takun Bilyamin a bayanta yana haki yana kiran sunan Allah. Tsoro ne irin wanda ba ta ji ba ko ranar da harsashi ke wucewa ta saman rufinsu, don ranar tana riƙe da hannun Baba.

Suka haye tudun tur'a.

Ga shi can.

Ya riga ya bi ta kan 'yar gadar siminti, ya wuce jajayen duwatsun, ya yi nisa cikin gonar. Farar jallabiyarsa kawai ake hange a cikin busasshiyar ciyawa. Yana tafe yana waige-waige, hannu a goshi yana kare rana.

"Rabi! Ke Rabi!"

Bilyamin ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Baba! Tsaya nan! Kada ka motsa!"

Tsohon ya juyo a firgice. Bai ga ɗansa ba, wani ƙato ya gani a kan tudu yana ɗaga hannu yana yi masa tsawa. Ya ja da baya, ya sake ja, ya juya ya fara sauri zuwa tsakiyar gonar.

Juwairiyya ta cafke bakin yayanta da tafin hannu.

"Yi shiru! Don Allah yi shiru! Ba a yi mishi ihu, gudu yake yi!"

Ya daina ihun. Can tsohon ya rage sauri, ya tsaya yana haki. Ya riga ya manta abin da ya kora shi, ya koma neman matarsa.

"Kira ma'aikatan nan," ta raɗa. "Lambarsu na jikin allon bakin gada."

Ya kira. Ta ji yana ta larabci ƙasa-ƙasa, yana roƙo. Ya sauke wayar.

"Suna bayan Madani. Sun ce za su taso. Sun ce ko ta yaya a sa shi ya zauna wuri ɗaya."

"Kafin su zo daga Madani ya zagaye gonar nan kaf!"

Hajja Zainabu ta iso tana jan ƙafa, numfashi sama-sama, butar shayin har yanzu tana hannunta, ta manta ba ta ajiye ba. Ta dubi gonar ta dafe ƙirji.

"Kada ku kira shi ya zo. Ba ta hanyar da ya shiga zai fito ba."

"To yaya za mu yi, Hajja?"

Tsohuwar ta tsura wa Juwairiyya ido, daga goshi har haɓa.

"Uwarki ƙawata ce, tare muke kawo abinci gona. Ba ta taɓa kiran ubanki ya zo ya karɓa ba, ba a yin haka a gidanku. A nan take tsayawa, bakin tur'a, ta ce, 'Malam, ga fatur.' Duk inda maganar ta same shi nan yake ajiye fartanya ya zauna, ya jira ta kai mishi karin kumallonshi har gabanshi. Ko a cikin laka ne zama yake yi." Ta kamo gefen mayafin Juwairiyya ta ja mata shi har goshi, ta soke shi a bayan kunne. "Haka take ɗaurawa. Muryarku ɗaya."

Juwairiyya ta kalli yayanta. Hawaye ne ke bin gemunsa.

"Faɗa," ya ce. "Don Allah faɗa."

Ya sauka bayan tudun ya tsugunna don kada tsohon ya gan shi.

Ta matsa bakin gadar. Ta yi bisimilla a zuci, ta ja muryar a hankali yadda ta sha ji tana yarinya.

"Malam! Ga fatur!"

Baba Audi ya tsaya.

Ya juyo. Ko daga nesa ta ga yadda fuskarsa ta washe, irin washewar da ba ta gani ba tun suna Dinder.

"Af, Rabi! Ina kinka shiga nike ta nema?"

Ya tattare jallabiyarsa, ya lanƙwasa gwiwa, ya zauna daɓas a inda yake.

Babu abin da ya tashi.

"Alhamdulillahi," in ji Hajja Zainabu, ta zauna ita ma. Juwairiyya ta saki numfashin da ta riƙe. Ya zauna. Yanzu sai jira.

Ai kuwa jiran bai yi tsawo ba, sai tsohon ya ɗaga murya.

"To kawo mana! Mi kike tsaye yi?"

"Ina zuwa, Malam!"

"Rana na yi, ga aiki a gabana."

"Ina kwana, Malam? Ina gajiya?"

"Yau kuma daga nesa ake gaishe ni? Rabi, lafiyarki?"

Ta sake jefa masa gaisuwa, bai amsa ba. Matarsa ba ta taɓa gaishe shi a tsaye da ɗaga murya ba, wannan kam bai manta ba. Ya fara tsaki. Ya dafa gwiwa.

"In ƙafarki ce ke ciwo, bari in taso."

"A'a! Zauna, Malam, ga ni nan!"

Bilyamin ya riƙo gefen zaninta daga inda yake tsugunne.

"Ni zan shiga."

"Yana ganinka zai gudu."

"Juwaira, ba ki san inda ya taka ba."

Gaskiya ya faɗa. Baƙar ƙasar ta bushe ta tsattsage, ba ta riƙe sawun kowa ba. Ciyawa ce kawai ta ɗan kwanta nan da can, ko shi ya kwantar da ita ko iska, Allah kaɗai ya sani.

Ta zare zaninta daga hannunsa. Ta karɓi butar shayin daga hannun Hajja Zainabu, har yanzu da ɗuminta. Tsoro take ji, wallahi tsoro take ji, har fitsari take jin zai kufce mata. Ta haye gadar. Ta tsaya a gaban jan dutsen, ta karanta abin da ya zo bakinta, ta ɗaga ƙafa ta tsallake.

Taku ɗaya. Ta tsaya. Ta sake ɗaya, idonta a kan ciyawar da ta kwanta.

"Yauwa," in ji tsohon da murna. "Zo a hankali kada ki zubar. Bari in gyara miki wuri."

Ya karkata gefe ya shiga share ƙasa da tafin hannu, yana ture ciyawa da ɓurɓushin laka don matarsa ta samu wurin zama.

Ƙwal.

Zobensa ya bugi wani abu.

Ya tsaya. Ya sunkuya ya hure ƙurar. Daga inda take ta hango bakin abin, zagaye, ya yi tsatsa, rabinsa a cikin ƙasa.

"Rabi, wane marar mutunci ne ya yar mini da ƙarfe a gona?"

"Malam, bar shi! Kada ka taɓa!"

"In bar shi ya karya mini garma?"

Ya naɗe hannun riga, ya kama shi da hannu biyu, ya fara ja.